Yadin Salisu Yana Jiran Awo

Saji, ƙasar Rano

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga mahaifinka, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka tsaye da ƙafafunka, cikinka da abinci, takalminka ba ya cizo. Allah Ya kai ka inda aka tura ku lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokan aiki masu amana.

Na san sai ka yi nisa za ka ga takardar, don na cusa ta can ƙasan aljihun da na ƙara maka a cikin jakar goyonka, tare da wani ɗan ƙunshi da zan yi maka bayaninsa nan gaba. Da ajami na so rubutawa, hannuna ya fi gudu a can, amma na tuna yadda kuka rabu da allonka, na ce gara ni in sha wahalar boko. Baki da baki kuwa na gwada shekaranjiya a shago, ka ga yadda ta ƙare. Ina magana kana latsa waya, daga baya ka naɗe wandonka ka fita kana kumbure-kumbure.

Bari in maimaita abin da ya haɗa mu, kada ka ce tsoho ya juya zance. Ka gama horon soja, aka ba ka 'yan kwanaki ka zo ka yi mana sallama kafin a tura ku daji. Ka kawo mini kakinka ka ce in matse maka wandon, wai ya mayar da kai buhu, abokanka duk sun kai nasu an tsuke. Na ce ba zan matse ba. Ka ce, “To Baba, ai telan bariki yana nan, shi ba ya musu.” Wannan bai hana ni cin tuwo ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hirar da kuka yi da abokinka a bakin shago, kana zaton ƙarar keke ta toshe mini kunne. Na ji ka ce rigar sulken da za a ba ku nauyi gare ta, ga zafi, wai masu wayo zare farantin ƙarfen da ke baya suke yi su bar na gaba, har su sa almakashi su rage gefe don iska ta samu hanya. Salisu, ƙafar tela ce take kan feda, kunnensa yana waje. Saboda maganar nan na zauna rubutu.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, yana nan yadda ka bar shi. Tarihin wautata zan ba ka, kuma yana da ɗan tsawo. Tun kafin a haife ka nake ɗinka wa mafarauta da 'yan sintiri kayan shiga daji, daga Saji har Fammar, ni ma na taɓa rataya gora na bi su. Duk abin da na iya a wannan fanni, sai da wani ya ji jiki kafin in iya shi. Wani lokaci ni, amma mafi yawa aminina ne Ɗan'azumi maharbi, wanda nake jin Allah Ya halicce shi ne don in riƙa koyon sana'a a jikinsa.

Mu fara da wando, tunda shi ya ɓata mu.

Ina saurayi, lokacin ina neman Ummanku, na shiga 'yan sintirin Saji. Na samu yadin kaki mai kauri na ɗinka wa kaina wando, na tsuke shi tsaf, na ƙi sa masa hantsa, wato ƙyallen nan da ake ƙarawa tsakanin cinyoyi don ƙafa ta sake. A ganina hantsa ta tsofaffi ce. In na sa wandon nan na nufi Rurum Sabon Gari zance, ƙasa ma ina jin alfarma nake yi mata da nake taka ta. Wata rana da la'asar ina shiga garin sai na ji ihu, ɓarawo ya saɓi akuya. Ga ɗan sintiri da sabon wando, ga garin budurwa, wa zai riga ni? Na bi shi, na kusa cim masa, sai ya tsallake darnin wani gida. Ni ma na tashi sama. Ina sama na ji ɓarrr, tun daga gaba har baya. Na dira a tsakiyar mata suna sussuka, hannu ɗaya a gaba, ɗaya a baya, gora ta yi nata wuri. Wata tsohuwa ta ajiye taɓarya, ta janyo zani daga kan igiya ta miƙo mini, ta ce, “Ungo, ɗan nan, rufa wa kanka asiri. Akuya dai ta tafi, kada mutunci ya bi ta.” Ashe gwaggon Ummanku ce. Labari ya riga ni isa gidansu. Har yau in na fara cika baki a tsakar gida, ka sha jin Ummanku ta ce, “Malam, a dai tuna darni.” To yau ka san ma'anar darnin.

Ni akuya na rasa, na samu abin dariya na har abada. Kai inda za ka, wanda za ka bi ko wanda zai biyo ka ba zai tsaya dariya ba. Wandon aiki ba a gwada shi a gaban madubi. Ka sa shi ka tsuguna kamar mai alwala, ka yi sujada, ka yi zaman tahiya, ka ɗaga gwiwa ta taɓa ƙirjinka. In ka ji ya ja ka ko ta ina, ya yi kaɗan. In ƙafar ta yi tsawo, ka kalmasa ta ciki ka ɗinke, kada ka yanke. In ƙugu ya yi yawa, ka kama shi ta baya, ka bar rarar a kwance a ciki, domin abincin daji yau ya rame da kai, gobe ya kumbura ka. Gwiwa da mazauni kuwa ka sa musu faci ta ciki tun suna da lafiya, na riga na yi maka a ɗaya don ka ga yadda ake yi. Kuma ka tuna kakin nan na hukuma ne, ba na Sallah ba. Kafin ka sauya masa kama, ka tambayi na gaba da kai.

Wauta ta biyu a kan Ɗan'azumi ta sauka. Lokacin da abin mannewar nan ya fara shigowa kasuwa, wanda gefe ɗaya yake kama ɗaya kamar ƙarangiya, sai na ga ai na samu maganin maɓalli. Na sayo shi a Kano, na ɗinka wa Ɗan'azumi a bakin aljihun harsashinsa, ban ko gaya masa ba, wai in burge shi. Na kuma ga 'yan madubai guda biyu da mafarauta kan sa a ƙirjin riga sun yi kaɗan, na jera masa wasu har kafaɗa. Mutumin ya sa riga ya nufi duwatsun Rurum da sassafe, ya hango garken zabin daji, ya yi ta jan ciki cikin ƙaya har ya kusa jin numfashinsu. Ya kai hannu a hankali zai zaro harsashi. Aljihu ya ce kwarrr! Ko gashin zabo ɗaya bai samu ba.

Da hantsi sai ga shi a shago, jakarsa wayam, gwiwa duk ƙaya. Bai yi sallama ba. Ya tsaya daidai kunnena yana buɗe aljihun yana rufewa, yana buɗewa yana rufewa, har masu jiran ɗinki suka fara riƙe ciki. Sannan ya ce, “Habu, riga na ce ka ɗinka mini ko maroƙi? Wannan ai kafin in iso ya yi shela. Ga madubanka kuma, zomayen Kibiya tun daga gida suke hango ni, har kwalli suke sawa.” Ranar na cire komai da hannuna, na mayar masa da maɓallansa na da.

Saboda haka duk abin da yake ƙara ko yake sheƙi, ka ɗauke shi abokin gaba, ko da kai ka saye shi. Na ga rigar aljihunan da ka sayo, wadda za ka riƙa ɗorawa a sama, duk bakinta ƙarangiyar nan ce. Aljihu biyu na gaba na sauya maka su da maɓalli da madauki, sauran ka yi da kanka in ka samu sarari. Harshen zik ɗin jakarka na naɗe shi da baƙin zare don kada ya riƙa kaɗawa. Agogon nan naka mai ruwan zinare ka ajiye shi sai ranar hutu. In ka gama shiri, ka sa komai a jikinka ka yi tsalle a gaban abokinka, ka ce ya rufe ido ya saurara. In ya ji ka, wani ma zai ji ka.

Ta uku ta zare ce, kuma ni da cikina muka biya. Da damina muka bi sawun shanun wani maƙwabcinmu Bafillace da aka kora, ni aka ba jakar guzurin jama'a saboda ni na ɗinka ta, ina ta yabonta tun daga gida. Da zaren kaftani na ɗinka maratayinta, layi ɗaya tal, don shi ne a kan keke kuma ina sauri. Muna tsakiyar rafi, ruwa iya ƙugu, sai na ji bayana ya yi sakayau. Na waiga, ga jaka can tana tafiya abinta da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da dabinon mutane. Yinin ranar da yunwa muka ci gaba da bin sawun. Da muka dawo da shanun, Bafillacen ya ba mu nono muka sha, ya dube ni ya ce, “Tela, kai ka riga ka yi sadakarka ga kifi, sha kaɗan.”

Daga nan na sauke girman kai na je wajen wani baduku a kasuwar Kibiya, ya nuna mini yadda suke yi. Duk inda nauyi zai rataya, zare mai kauri ake sawa, a goge shi da kakin zuma don kada ruwa ya ci shi, in babu kaki kyandir ma ya isa. A ɗinka gida mai kusurwa huɗu, a ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa, a koma baya a kulle. Ka duba maratayin jakarka, haka na yi maka. Kuma kada ka jira abu ya tsinke. Duk ranar da kuka samu hutu ka bi ɗinkin kayanka da yatsa, inda ka ji ya fara saki ka kama shi tun yana ƙarami, ai sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wani abu kuma, kada ka sa rigar roba a jikin fatarka. Na ga yadda tartsatsin wuta ya narkar da irinta a damtsen wani ɗan sintiri, sai da aka ɓanɓaro ta da fata. Singiletin auduga na sa maka guda uku, su za ka riƙa sawa a ciki.

Ƙunshin da ke tare da takardar nan kayan aiki ne. Akwai allurai, akwai basilla ta huda abu mai kauri, akwai zare baƙi da kore, da ɗan kakin zuma, da maɓallai, da ƙyallen faci. Na san abin da za ka ce, don ka taɓa faɗa: wai soja da allura abin kunya ne. Ɗana, komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Ranar da maratayin bindigarka ya saki a inda babu tela, za ka ga manyan ƙarti suna layi a bayanka suna kiran ka ɗan Malam Habu. Ka taimake su, kada ka karɓi ko sisi. Ka iya ɗinkin hannu, na sani, don na sha ganin kana gyara jakar makarantarka a ɓoye. Almakashi ne kawai ban sa maka ba, kuma da gangan na yi. Zare haƙori ma yana yanke shi.

Yanzu ka ajiye waya, in tana hannunka. Wannan ta huɗun ita ce dalilin takardar.

Ɗan'azumi yana da wata rigar farauta da ya gada wajen mahaifinsa, ta saƙi ce mai kauri, bayanta an shimfiɗa mata fatar sa ninki biyu daga wuya har ƙugu. Nauyi gare ta, in bazara ta yi kuwa kamar ka goya tanda. Wata rana ya shigo shago yana zufa, ya jefa mini ita a kan keke ya ce, “Habu, cire mini fatar nan ta baya, ta ishe ni. Ni ta gaba nake fuskantar dabba, ban taɓa ba naman daji baya ba.” Maganarsa ta yi mini daidai a kunne. Ban tambaye shi me ya sa mahaifinsa ya sa ta ba, ban tambayi kaina ba. Na farke ɗinkin, na zare fatar, har na yayyanka ta na yi wa yara facin takalmi. Ya sa riga ya juya, ya ce iska har ƙashinsa. Muka yi dariya, ya tafi. Ka ce telan bariki ba ya musu. Ni ma a lokacin tela ne da ba ya musu.

Bayan kaka aka fita farautar gayya ta wajen Fammar, ni ma ina ciki. Ɗan'azumi yana gaba, ya kwanta cikin ciyawa yana bin wata gada. Wani daga cikinmu, magidanci ne mai hankali ba ɗan wasa ba, shi ma ya hango gadar daga baya, bai san da mutum a tsakani ba. Ya ɗaga bindigar toka, daidai lokacin Ɗan'azumi ya miƙe. Ba zan tsawaita maka ba. A kan babur muka kai shi asibiti a Rano, ni na riƙe shi ta baya, jininsa ya jiƙa mini riga har wando. Likita ya ciro ƙwayoyin dalma da dama, ya ce sauran sun yi kusa da ƙashin baya, taɓa su ya fi barin su haɗari.

Mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙanta, ta zo dubiya tana dogara sanda. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a miƙo mata rigar. Ta juya bayan rigar, ta shafa inda ramukan allurar tsohon ɗinki suke, ta ce, “Ina fatar?” Ta ajiye rigar a cinyarta. Ta ce, “Ubansa ba don namun daji ya sa ta ba. Dabba ai kana ganinta. Don 'yan baya ya sa ta.” Ba ta dube ni ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Allah Ya yi da sauran kwanan Ɗan'azumi, ka san shi, ka san bakinsa. In hadari ya haɗu ya kan leƙo shago ya ce, “Habu, baƙinka na baya sun motsa, a kwashe shanya, yau akwai ruwa.” Dalmar da ta rage a jikinsa yake nufi. Mu yi dariya, kuma sau da yawa ruwan ya zo. Amma ka lura da damina a kan kujera yake sallah, ba ya iya ruku'u. Kullum muna sahu ɗaya a masallaci. In na sunkuya na gan shi a zaune, dariyar nan takan bar ni, kuma shekaru ba su rage wannan ba.

Ni ban san yaƙi ba, Salisu, iyakata ɓarayin awaki da na shanu. Amma na san ɗinki, na kuma san ba a sa abu mai nauyi a riga don ado. Wanda ya haɗa sulken nan bai san sunanka ba, amma ya san ta inda ake mutuwa. A dajin da za ku, ba wanda zai yi maka alƙawarin ta gaba zai zo. Kada ka zare farantin baya. Kada ka rage gefe. Kada ka bari wani mai wayo ya yi maka, ko da ya rantse kowa haka yake yi. In nauyi ne, ka ja maɗaurin gefe ya kama jikinka sosai, abin da yake lilo shi yake gajiyar da mutum. In kafaɗa ce take ci, ka naɗe guntun tsohon tawul ka ɗinka a ƙarƙashin maratayi. In zafi ne, ka ƙara aljihun gorar ruwa, ka sha, ka yi zufa, zufa ba ta kai kowa asibiti a kan babur ba. Ga fatawar tela, ka riƙe ta: a kayan tsare rai ƙari ya halatta, ragi bai halatta ba. Na san za ka ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, amma malamanmu ma sun ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Saura guda ɗaya, kuma wannan a kanka na yi ta. Da ka ce wando ya mayar da kai buhu, na ga fuskarka, na kuma san ba a bariki ka fara jin kalmar ba. Ka san al'adarmu ta teloli, ɗan gida ba a auna shi. A dube shi da ido, a yanka da girma, a ce zai girma ya cika ta. Yayyenka biyu ba su damu ba, su ko buhun gaske ka sa musu za su tafi yawon Sallah. Kai kuwa tun kana ƙarami mai son tsaf-tsaf ne. Ina sane da shekarar da hannun rigarka ya rufe yatsunka, yara suka bi ka suna Salisu buhu, ka dawo ka shige ɗaki ka ƙi fita kallon Sallah. Ni kuwa na ce shagwaɓa ce, na koma kan ɗinkin mutane. 'Ya'yan kowa a Saji na sa musu tef a kafaɗa, nawa ban taɓa sa masa ba. Wannan ban kyauta ba, ka yafe wa mahaifinka. Shi ya sa ban ga laifinka ba da kake son abin da ya zauna maka daidai. Lokacin da ka zaɓa ne kawai bai yi ba.

To ga abin da na yi. Ranar kasuwar Rano na je na sayo maka shadda mai kyau ta Sallah mai zuwa, fara tas, irin wadda ban taɓa saya wa kaina ba. Na shigo gida ina taƙama, na warware ta a gaban Ummanku. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, “Malam, yaro zai tafi daji, ka shigo mini gida da farin yadi? Mayar da shi inda ka samo.” Na ce haba, wannan ai camfi ne, mu da muke da malamai a unguwa. Ta ce ta ji, a mayar. Ina ta faɗa ina naɗewa, ina faɗa ina sa takalmi, kafin in gama kafa hujja na tsinci kaina a gaban mai yadi. Gaskiyar magana, tun da ta faɗa ni ma na kasa sake kallon farin. Na karɓo shuɗi mai haske, na tabbata zai karɓe ka.

Jiya ta ce in yanka in ɗinka tun yanzu, ai na san girmanka da ido. Na ce a'a, an daina. Wannan karon sai na auna. Kuma na yi maka alƙawari, wandon wannan shaddar zan tsuke maka shi yadda ranka yake so, ko hantsa ba zan sa ba in ka ce kada a sa, tunda ranar Sallah ba darnin da za ka tsallake. Ɗan'azumi ya ce shi zai saya maka hula, amma kada ka yarda ya zaɓa, idonsa a kan kala bai fi nawa a kan madubi ba.

Ummanku tana gaishe ka, ta ce yajin da ta sa maka yana aljihun gefe, kada ka rabar da shi duka rana ɗaya. Yayyenka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe sallah ko a kan tafiya, ka riƙe azkar na safe da yamma, kada ka zalunci wanda ya fi ka rauni don kana da kaki. Allah Ya tsare ka daga abin da kake gani da abin da yake bayanka. Allah Ya sa ka fi ƙarfin zuciyarka, Ya ba ku nasara, Ya mayar da kowane ɗa ga uwarsa. Na sa maka albarka, Salisu, duniya da lahira.

Yadin yana cikin akwatin keke, a naɗe, almakashi bai taɓa shi ba, ba kuma zai taɓa shi ba sai ka tsaya a gabana. Zan auna kafaɗa, in auna ƙirji, sannan in ce ka juya. Ka kawo mini bayan nan yadda ka tafi da shi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habu Tela